Ido da halshe: kowa da irin nasa



Ka aiki ɗanka garka ya tsinko tumatir nunanne, sai ga shi da rabin kwando ɗanye. Kafin ka ɗauki bulala, dakata. Wataƙila idonsa ne bai raba ja da tsanwa ba.

Can cikin ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri 3 masu gane launi. A wajen wasu mutane, iri ɗaya ba ya aiki sosai. Suna gani tangaram, suna karatu, suna noma, amma ja da tsanwa sai su yi masu kama da juna. Ko tutar Nijar, ruwan goron sama da tsanwan ƙasa suna iya rikice masu. Wani masani na Ingila, Jon Dalton, ya bayyana abin a 1794, don shi da ɗan uwansa duk haka idonsu yake.

Abin gado ne, kuma yaro ta wajen uwa yake samunsa, ko da ita tana gani daidai. Ya fi kama maza: a Turai namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka bai kai haka yawa ba.

Halshe ma haka. A 1931, a Amurka, wani mai haɗa magunguna, Arthur Fox, yana aiki da wani gari, sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya ce ɗaci ya dame shi, shi kuwa Fox bai ji kome ba. Daga baya aka gane wannan ma gado ne. Akwai dangin wannan ɗaci cikin ganyen shu, wato kabeji. To, in ɗiyarka ta ture shi ta ce da ɗaci, kai kuwa ba ka ji ba, ba dole ne tsirfa ce ba. Yara ma sun fi manya ƙin ɗaci.

Na halshe da sauƙi, a sake miya. Na ido ya fi wuya, don ba shi da magani har yanzu. Likitan ido yana gane shi da wasu hotuna masu ɗige-ɗige, an ɓoye lamba a ciki. Wanda ke da shi, in yana tuƙi cikin Yamai ko Maraɗi, sai ya riƙe wurin kowace wuta ta hanya: ja tana sama, tsanwa tana ƙasa.