Ko Ka San Jirgin da Ya Yi wa Sojoji Dako Ba Matuƙi?

Sojan da aka girke a ƙungurmin daji, kafin harsashi ruwan sha yake nema, sai abinci, sai batir na na'urar sadarwa. Dole wani ya kai masa. A lardin Helmand da ke kudancin Afganistan, wannan aike ya ci rayuka da yawa, domin a lokacin yaƙi 'yan Taliban sun riƙa binne bama-bamai a hanyoyin da ayarin motocin kaya ke bi. Direba da masu yi masa rakiya kan fita da asuba, ba wanda ke da tabbacin dawowa.

Wannan ne ya sa a watan Disamba na 2011 dakarun ruwan Amurka suka fara aiki da wasu jirage biyu masu saukar ungulu, ƙirar K-MAX, a sansanin Dwyer. Kamfanin Kaman ne ya ƙera jirgin tun asali don ɗaukar kaya masu nauyi irin su gungumen itace, daga baya aka haɗa hannu da Lockheed Martin aka sanya masa kwamfutar da za ta tuƙa shi. Kujerar matuƙi na nan, amma ba kowa a kanta.

Siffarsa ma abin kallo ce. Siriri ne, ba shi da farfela a wutsiya. Manyan farfeloli biyu ne a kansa, a karkace, kowace na juyawa saɓanin 'yar'uwarta, fukafukansu na ratsa juna ba tare da sun taɓa ba, kamar yatsun hannu biyu in an sarƙe su. Kusan duk ƙarfin injin a ɗaga kaya yake tafiya, shi ya sa yake iya cicciɓar kilo 2,700, abin da ya zarce nauyin jirgin kansa. Kayan kuma ba a cikinsa ake zubawa ba. A raga ake ɗaure su, su yi ta reto a ƙarshen doguwar igiya. Yana da ƙugiya huɗu, don haka a tashi guda zai iya sauke wa wurare huɗu nasu rabon. A Afganistan, galibi da dare ya riƙa fita, duhu na kare shi daga masu harbi.

Wata shida aka yi niyyar gwada shi, sai ga shi ya kai har 2014, ya yi jigilar sama da tan 2,000. A ganina, ba yawan kayan ne abin dubawa ba, sai motocin da ba su hau waɗancan hanyoyi ba saboda shi. A watan Yuni na 2013 ɗaya daga cikin jiragen ya faɗo yayin kai kaya, ya lalace ƙwarai. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.