Kalmomin 'Fashi' da 'Girma' a Rikicin Ƙwadago: Nazari a kan Haƙƙin Ma'aikatan Cikin Jirgin Sama

1.0 Gabatarwa

Akasarin saɓanin da kan auku tsakanin kamfanin jirgin sama da ma'aikatansa masu kula da fasinja a cikin jirgi yakan taso ne daga abubuwa biyu, wato rashin zuwa aiki ba zato ba tsammani, da kuma tantance wanda yake gaba da wani a wurin aiki. Bahaushe kan kira na farko 'fashi', na biyu kuma 'girma'. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowace daga cikin kalmomin nan biyu ta dunƙule ma'anoni da dama waɗanda doka ta rarrabe, kuma ma'aikacin da aka fassara wa sharuɗɗan aikinsa ba tare da an warware su ba yana iya rasa albashinsa ko ma aikin ɗungurungum. An ɗauki Jos a matsayin fagen misali, saboda tsohon gari ne na ƙwadago, kuma Hausa ce harshen hulɗa tsakanin ƙabilunsa.

2.0 Jos da Kalmomin Ƙwadago

Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta tara dubban leburori a Jos da Bukuru da Barikin Ladi. A irin waɗannan sansanoni ne kalmomin aro kamar 'lebura' da 'heluma' da 'tankifa' da 'akawu' suka zauna da gindinsu a bakin ma'aikata. Tsarin aikin lebura mai sauƙin fahimta ne: tankifa ya rubuta wanda ya zo, ranar da mutum bai zo ba kuwa babu lada. Ba a cika tambayar dalili ba. Wannan fahimta ce kalmar 'fashi' ta ɗauko ta kawo cikin aikin zamani.

Aikin jirgin sama ya sha bamban da wannan. Ƙa'idar da aka saba bi a duniya ita ce a sami aƙalla ma'aikaci ɗaya ga kowaɗanne kujerun fasinja 50, don haka rashin mutum guda yana iya hana jirgi tashi. Filin Jirgin Sama na Yakubu Gowon da ke Heipang tasha ce da jirage ke zuwa su koma. Idan ciwo ya kama ma'aikaciya a can alhali mazaunin kamfaninta Legas ne, samun madadinta nan take abu ne mawuyaci. Daɗin daɗawa, hazon hunturu kan jinkirta tashi da sauka, sa'o'in aiki su zarce ƙa'ida, hutun dole ya hau kan ma'aikaci. Ke nan rashin ganinsa washegari yana iya zama bin doka ne, ba saɓa mata ba.

3.0 Matsayin Doka

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta tanadi haƙƙoƙi biyu da suka shafi wannan batu. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci damar karɓar albashin kwanakin aiki har 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya tabbatar. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata, tilas a sanar da ƙungiyarsu, a kuma bi ƙa'idar 'wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita', tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana.

Sai dai akwai wani hanzari. Sashe na 91 na dokar, inda aka fayyace ma'anar 'ma'aikaci', ya fitar da duk wanda yake aiki a cikin jirgin ruwa ko jirgin sama da dokokin sufurinsu suka hau kansa. Bisa ga wannan, mai ɗaukar kaya a filin Heipang yana iya fakewa da sashe na 16, amma mai kula da fasinja a cikin jirgi ba shi da wannan laima kai tsaye. A nan kalmar doka ta fi ta Hausa ƙunci, domin a wurin Bahaushe dukkansu ma'aikata ne.

Abin da ya rage wa ma'aikacin cikin jirgi shi ne takardar ɗaukarsa aiki da yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da kamfani. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Manyan ƙungiyoyin wannan fanni su ne NUATE ta ma'aikatan sufurin sama, da ATSSSAN ta manyan ma'aikata, da NAAPE ta matuƙa da injiniyoyi. Da can kotuna ba su cika tilasta bin yarjejeniyar ƙungiya ba sai an shigar da ita cikin takardar aikin mutum. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Jos, hurumin fassara irin wannan yarjejeniya da zartar da ita. Tun da haƙƙin ya koma cikin kalmomin yarjejeniya, fassararsu ta zama abin kiyayewa ƙwarai.

4.0 Kalmar 'Fashi'

A rubuce kalmar ɗaya ce, a furuci kuwa biyu ne. Mai gajeren wasalin farko ta fito daga 'fasa' na ragargazawa, ita ce ta 'fashi da makami'. Mai dogon wasali ta fito daga 'fasa' na janye niyya, ita ce ta 'fashin makaranta' da 'fashin aiki'. Ta biyun ce abin nazari a nan, kuma asalinta yana ɗauke da ƙamshin ganganci, domin wanda ya fasa abu shi ya ga dama. Amma a aikin jirgi ana amfani da ita ga halaye huɗu mabambanta:

(a) rashin zuwa saboda ciwo, da shaidar likita;
(b) rashin zuwa saboda lalurar gaggawa, kamar rasuwa ko haihuwa, bayan an sanar;
(c) rashin zuwa saboda hutun da ƙa'idar tashi ta wajabta;
(d) rashin zuwa ba izini ba sanarwa, har da ƙin amsa kira a ranar zaman ko-ta-kwana.

Na huɗu ne kaɗai laifi tsantsa, wanda kan jawo takardar tuhuma ko yanke albashi ko kora. Ya kyautu a keɓe masa 'fashi', a kira (a) 'hutun jinya', (b) 'uzuri', (c) kuma 'hutun ƙa'ida'. Alal misali, idan aka rubuta 'ta yi fashi sau uku' a fayil ɗin ma'aikaciyar da zazzaɓi ya kwantar, an riga an yanke mata hukunci kafin a saurare ta.

Matsalar ba ta Nijeriya ce kaɗai ba. A Amurka dokar hutun jinya da lalurar iyali ta 1993 ta shardanta aikin sa'o'i 1,250 a shekara, alhali yadda ake ƙidaya sa'o'in ma'aikatan jirgi yakan sa ba su kai wannan adadi ba. Sai a 2009 aka yi gyaran da ya shigar da su.

5.0 Kalmar 'Girma'

Idan Bahaushe ya ce 'wane ya girmi wane', shekarun haihuwa yake nufi. Idan ya ce 'yana gaba da shi', yana iya nufin muƙami. Abin da ƙungiyoyin ƙwadago suke karewa kuwa wani abu ne na uku, wato tsawon lokacin da mutum ya yi a kamfanin, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗauke shi. Wannan maƙala na ganin 'fifikon jimawa' ya fi dacewa da shi. Yarinya 'yar shekara 28 tana iya fin dattijo ɗan 45 fifikon jimawa, abin da kan yi wa kunnen Bahaushe nauyi idan aka fassara shi da 'ta girme shi'.

A kamfanoni da yawa wannan fifiko ne ke tantance mai zaɓen hanya da ranakun hutu, da wanda zai shugabanci ayari, da wanda zai tsira ranar rage ma'aikata. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A nan kuwa wanda ya riga ka shiga shi ne zai yi ƙarshen fita. Saɓani ya fi tsanani idan kamfani ya haɗiye wani. Lokacin da American Airlines ya sayi TWA a 2001, an jera masu kula da fasinja na TWA a ƙasan jerin, shekarunsu suka tashi a banza, kuma su aka fara sallama da kasuwa ta faɗi. Wannan na cikin dalilan da suka sa majalisar Amurka ta yi doka a 2007 wadda ta wajabta haɗa jerin cikin adalci.

A gida kuwa, kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 kuma Jos na cikin tashoshinsa, ya daina aiki a 2003. Kuɗin sallama da fanshon ma'aikatansa sun rataya ne a kan matsayi da shekarun aiki, kuma sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta saki kimanin naira biliyan 22 a matsayin wani kaso na bashin. Wanda ya koma kamfani mai zaman kansa kuwa, jimawarsa ba ta bin sa sai yarjejeniya ta faɗi haka.

A nan ne kalmomin biyu suke haɗuwa. Tambayar da ya wajaba yarjejeniya ta amsa ita ce: shin doguwar jinya ko hutun haihuwa yana katse ƙirgen jimawa? Idan duk an kira su 'fashi', kamfani zai sami kafar cire su daga lissafi.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Dokar Ƙwadago ta 1974 ta bar ma'aikatan cikin jirgi a waje, don haka kariyarsu tana cikin yarjejeniyar ƙungiyarsu. Ta kuma nuna cewa 'fashi' ya ƙunshi halaye huɗu, 'girma' kuma uku. Nauyi ne a kan masana harshe da tafintocin kotu da masu fassara labarai a rediyo su daidaita 'hutun jinya' da 'uzuri' da 'hutun ƙa'ida' da 'fifikon jimawa', sa'an nan a gwada irin wannan nazari a harsunan Filato kamar Berom da Ngas da Tarok, waɗanda masu magana da su suke cikin wannan aiki.