Haruffa kaɗan masu ceton aikin mai kwamfuta a zango

A shekarar 2012 aka yanke Asokore Mampong daga birnin Kumasi ta tsaya da ƙafarta, kuma a shekarar ce matsalar ɗauke wuta da ake kira dumsor ta fara tsananta a Gana, har ta kai maƙura a 2015. Masu neman abinci da kwamfuta a Aboabo da Sawaba da Asawase, unguwannin Asokore Mampong, sun ji a jikinsu: mai ɗaukar bidiyon biki da suna, mai shagon buga takardu, da matasan da ke naɗar tafsirin azumi. Mutum zai jawo folda guda zuwa wata kwamfutar, aiki ya kusa kammala, sai wuta ta ɗauke. In ta dawo bai san abin da ya wuce da wanda ya rage ba, dole ya sake daga farko.

Akwai manhajar da ta daɗe da magance wannan, sunanta rsync. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da ita a Ostareliya a 1996. Kyauta ce, tana aiki a Linux da Mac, kuma da rubuta umarni ake sarrafa ta. Kafin ta aika komai, takan duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi a ɓangarorin biyu, ta tsallake waɗanda suka yi daidai. Idan tsakanin kwamfutoci biyu ne, ko fayil ɗin da ya canza ba ta aika shi gaba ɗaya, sai guntayen da suka bambanta. Mai sayen data a MTN ko Telecel ya san amfanin wannan a aljihunsa.

Ga yadda umarnin yake:

rsync -avP biki/ shago@192.168.1.5:ajiya/

Harafin a yana kwashe folda da duk abin da ke cikinta, tare da kwanan watan kowane fayil da izinin buɗe shi. Harafin v yana nuna sunayen abin da ke wucewa. Babban P yana nuna inda aka kai, kuma in layi ya yanke yana ajiye rabin fayil ɗin da ya iso domin a ɗora a kai. Ko wuta ce ta ɗauke, sake umarnin kawai za a yi, abin da ya riga ya isa ba za a maimaita shi ba.

Ana ƙara z domin a matse bayanai a hanya. Yana taimaka wa rubutu, amma hotunan JPEG da bidiyon MP4 a matse suke tun asali, sa musu shi wahalar da na'ura ne kawai. Wanda ba ya son aikin ya cinye intanet ɗin shago ya sa --bwlimit ya taƙaita gudun, kuma da --exclude ake ware abin da ba a son ya tafi.

Wurare biyu ne ƙafa ke zamewa. Na farko alamar / da ke bayan sunan folda. In aka rubuta biki/ abin da ke ciki ne zai tafi, in aka rubuta biki babu alamar, foldar ce kanta za ta je ta zauna a cikin ajiya. Na biyu ya fi haɗari, wato --delete. Aikinsa ya mayar da can tamkar nan, don haka duk abin da babu shi a nan zai goge shi a can. Wanda ya juya adireshin biyu bisa kuskure, ya sa folda marar komai a farko, ya share hotunan amarya da hannunsa, kuma ba za su faɗa kwandon shara ba balle a tsince su. Haka kuma fayil da ya lalace a nan, lalatacce zai je ya danne mai kyau a can.

Maganin harafi ɗaya ne, n. In aka rubuta -avn tare da --delete, manhajar za ta jero duk abin da za ta kwafa da wanda za ta goge ba tare da ta taɓa komai ba.

Masu Windows ma ba a bar su a baya ba. Tun daga Vista akwai robocopy a ciki: /E yana kwashe foldoji duka, /Z yana ci gaba daga inda aka tsaya, /MIR yana gogewa kamar --delete, /L kuma shi ne gwajin da ba ya taɓa komai.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka danna umarnin da ke gogewa sai ka gwada shi da n ko /L, ka karanta jerin a tsanake. Sannan ka ware wata ajiya daban wadda umarnin gogewa ba ya kai wa gare ta, domin hoton ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.