Aikin Zato Cikin Ƙwaƙwalwa

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Sabo da haka kalma guda ta kan ɗauki ma'ana da dama a kan takarda. Akwai fari na launi, da fari na ɗaukewar ruwa, da fari jam'in fara. Amma kadan manomin Kiru ya sami wasiƙa daga ƙanensa na Bebeji cewa, "Muna fama da fari," ba ya tsayawa zaɓe. In an kwana goma sha biyar ba a ga hadari ba, ɗaukewar ruwa zai karanta. In kuwa shekarar fara ce, ƙwari zai karanta. Baƙaƙen ba su sake ba, abin da ya ke tsammani ne ya raba gardama.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1867 Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya bayyana cewa gani hukunci ne da zuciya ke yankewa ba da sanin mai ita ba, ta haɗa abin da ido ya kawo da abin da aka saba. A 1970 kuma Richard Warren a Amurka ya cire sauti ɗaya daga tsakiyar wata kalma, ya sa tari a gurbinsa. Kusan dukan waɗanda suka saurara suka ce sun ji kalmar cikakkiya. Watau kunne ya rasa, zato ya cike.

To, a ina zaton nan ya ke zaune cikin kai? A 2025 wata ƙungiyar masana, International Brain Laboratory, ta buga amsa cikin mujallar Nature. An yi aikin da ɓeraye 139 a ɗakunan bincike 12 na Turai da Amurka, aka auna motsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fiye da 600,000 a sassa 279. A kan nuna wa ɓera wani hoto mai zane-zane a dama ko a hagu, shi kuwa ya murza wata 'yar ƙafar keke ya jawo hoton tsakiya. In ya dace, ya sami ɗigon ruwan sukari. Dabarar da aka yi ita ce, hoton ya kan fito a gefe guda sau 80 cikin 100 na wani ɗan lokaci, sa'an nan a juya ba da wata sanarwa ba. Wani sa'i kuma a dusashe shi har ya ɓace ɗungum.

Sa'ad da hoton ke fili, ɓera idonsa ya ke bi. Sa'ad da ya ɓace, sai ya karkata zuwa gefen da ya saba, har ya kan dace wajen sau 59 cikin 100, ya ɗara mai canki kawai. Abin mamakin shi ne, tun hoton bai fito ba a ke ganin alamar zaton cikin kashi 20 zuwa 30 bisa ɗari na sassan ƙwaƙwalwa, tun daga mashigar saƙon ido har zuwa inda a ke sarrafa motsin gaɓoɓi. Ashe zato ba ya jira sai an gama gani. Har wa yau an gane cewa ɓera ya fi gina zatonsa a kan abin da shi kansa ya aikata a 'yan zagayen baya, fiye da abin da aka nuna masa.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma darasin ya shafi manomi. A ƙasar Doguwa, wajen duwatsun Riruwai, damina ta kan riga ta Bebeji sauka. Ran da ruwan fari ya zuba, ko wane magidanci na da hukuncin da zai yanke: ya shuka masararsa, ko ya dakata? In ya shuka ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone, iri ya tafi a banza. In ya yi jinkiri, maƙwabta su bar shi a baya. Sama ba ta faɗi kome a fili ba, sabo da haka sabo ne ke jan ragama. Mutumin Tudun Wada da ya yi asarar iri bara zai noƙe bana ko da ƙasa ta jiƙu sarai, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda kuwa ya taso a Doguwa ya koma noma a Bebeji, zai iya shuka da lissafin garinsu, ya yi da na sani.

Hausawa kan ce zato zunubi, amma wannan ga tuhumar mutane ne. Zaton da aka gina bisa sabo jari ne, muddin duniya na nan yadda aka san ta. Haɗarinsa na zuwa ran da aka juya gefe ba sanarwa, mutum kuwa ya ci gaba da maimaita aikinsa na bara. Maganin abin shi ne ƙarfafa shaida. Manomi ya tona ƙasa ya ga iyakar inda danshi ya kai, ya kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa ko wace shekara, kana ya ɗauki sungumi.