Digiri Na Biyu Daga Nesa A Fannin Jagorancin Aikin Manhaja: A Bincika Kafin A Biya

Ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana share hawaye, yana neman afuwar ɗalibai 379,997 da ya zama dole su sake rubuta jarrabawa. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, a Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin da hukumar ta bayar shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, an ɗora gyaran a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi, wasu kuma ba a ɗora musu ba, babu wanda ya farga sai da sakamako ya fito iyaye suka ɗaga murya.

Duk mai sana'ar kwamfuta da ya ji wannan labari ya san ba gwanintar rubuta manhaja aka rasa ba. Gyaran ai an rubuta shi. Abin da ya kuɓuce shi ne wa aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa ya isa ko'ina, wa ya gwada, wa ya sa hannu cewa an gama. Wannan shi ne fannin da ake kira jagorancin aikin manhaja, kuma ba mu kaɗai yake kayarwa ba. A Amurka, ranar da aka buɗe shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama, 1 ga Oktoban 2013, mutum shida kacal suka iya kammala rajista. A Ingila an fara gagarumin shirin haɗa bayanan asibitocin gwamnati a kwamfuta a 2002, aka wargaza shi a 2011 bayan ya lashe biliyoyin fam.

Yawancin masu jagorantar irin wannan aiki a ofisoshinmu ba karantar sa suka yi ba. Yaro ne ya iya aikinsa, ya shekara biyar ko shida yana rubuta manhaja a banki ko kamfanin sadarwa ko wata ma'aikata, rana ɗaya aka ce ya zama shugaban tawaga. Daga ranar sai ya tarar kwamfutar ce mafi sauƙin abin da ke gabansa. Oga ya ce wata biyu yake so a gama, shi kuwa bai san yadda ake ƙiyasta lokaci ba. Mai aikin kuma kullum yana zuwa da sabuwar buƙata, ba a rubuta yarjejeniyar inda aiki ya tsaya ba. Aiki ya makara, sai a ɗebo ƙarin ma'aikata a zuba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 na kamfanin IBM, ya bayyana tun a littafinsa na 1975 yadda wannan dabara ke ƙara jinkiri: sababbin sai tsofaffin sun ajiye aiki sun koya musu, sannan hanyoyin magana suna ninkuwa. Mutum biyar hanyoyi goma ne tsakaninsu, mutum goma kuwa hanyoyi 45. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da kwas na kirki ke koyarwa bai wuce waɗannan ba: tattara buƙatun mai aiki a rubuce, ƙiyasin lokaci da kuɗi, hango inda matsala za ta ɓullo tun kafin ta ɓullo, tsarin gwaji, sharuɗɗan kwangila, da iya tafiyar da mutane. Za a nuna maka tsohon tsari na bin mataki bayan mataki, a nuna maka kuma tsarin Agile da mutum 17 suka tsara manufofinsa a jihar Yuta ta Amurka a 2001, inda ake gina abu kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai shi duk bayan mako biyu ko makamancin haka. A ganina karatu daga nesa ya fi dacewa da wannan fanni fiye da zaman aji, domin ɗakin gwajinka shi ne ofishinka. Abin da ka karanta daren Lahadi, safiyar Litinin za ka same shi zaune a taron tawagarka. Wanda bai taɓa ganin aiki ya dagule a hannunsa ba, haddar sunaye kawai zai yi. Shi ya sa nake ba wanda ya gama bautar ƙasa jiya shawara ya dakata, ya sami shekara biyu ko uku a bakin aiki tukuna.

To, sai dai inda zuma take nan ƙudaje ke taruwa. A Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Binin cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da takardar. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Wannan fa makaranta ce mai gini da ƙofa. Ta intanet abin ya fi sauƙi. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo kamfanin Axact na Karachi a Pakistan, wanda ya kafa ɗaruruwan shafuka na jami'o'in da babu su, da hotunan malaman haya, har da hukumomin tantancewa na ƙarya da ke shaidar jami'o'in na ƙarya.

Alamominsu ba sa ɓuya. Za su ce gogewarka a aiki ta wadatar, ba sai ka yi jarrabawa ba. Za su ce digiri na biyu cikin wata uku. Za su yi ta kiran ka a WhatsApp cewa rangwame zai ƙare jibi. Sunan makarantar zai yi kama da na wata shahararriyar jami'a, da bambancin kalma ɗaya. Kuɗin kuma a asusun wani mutum za a ce ka tura.

Binciken ba shi da wahala, ganda ce ke hana mutane. In jami'ar ta Nijeriya ce, shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, na ɗauke da jerin waɗanda aka amince da su, da jerin cibiyoyin da aka ba izinin koyarwa daga nesa. Abu biyu ne daban: jami'a na iya zama halastacciya amma ba ta da izinin yin wannan kwas ɗin daga nesa. Jami'ar NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, aikinta ke nan tun asali, kuma tana da difloma ta gaba da digiri da digiri na biyu a fasahar sadarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa a Zariya. In jami'ar ta waje ce, nemi sunanta a rajistar hukumar ilimi ta ƙasarta, ba a shafinta ba, sannan ka tuntuɓi sashen tantance takardu na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ka ji matsayinta a nan gida. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru su duba ko hukumar CAMES, mai tantance digiri a ƙasashensu, ta san da kwas ɗin.

Sai kuma ka san me kake saye. Sau da yawa jagorancin aikin manhaja darasi ɗaya ne ko biyu a cikin digirin injiniyancin manhaja ko fasahar sadarwa, don haka ka karanta jadawalin darussa kafin sunan kwas ya ruɗe ka. Takardar halartar kwas na mako shida a Coursera tana da amfaninta, amma ba digiri ba ce, ba za a ƙara maka mataki da ita a aikin gwamnati ba. Takardar PMP ita ma ba digiri ba ce, shaidar ƙwarewa ce daga cibiyar PMI ta Amurka, mai digiri sai ya nuna shekara uku yana jagorantar ayyuka kafin ya zauna jarrabawar, kuma sabunta ta ake yi duk shekara uku. Mai son koyarwa a jami'a ko zarcewa digiri na uku, digiri na biyu yake buƙata. Mai neman aiki a kamfani mai zaman kansa, wataƙila PMP ko makamanciyarta PRINCE2 ta ishe shi, da kuɗi kaɗan.

Maganar kuɗi, tsada ba shaidar inganci ba ce. Cibiyar Georgia Tech ta Amurka ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014 a kan ƙasa da dala 7,000 gaba ɗaya, kuma babu mai ja da takardarta. Haɗarin yana wurin canji. Wanda ya fara karatu a farkon 2023 yana lissafi da dala a kan naira 460 na farashin gwamnati, kafin ya kai rabin hanya a 2024 ta haura 1,500. In albashinka naira ne, kuɗin makaranta kuma dala, ka tambaya ko ana biya darasi-darasi, ko ana iya dakatawa zango ɗaya a dawo, ko kuma za a ba ka difloma in ka tsaya a tsakiya. Ka sa kuɗin data da na wuta cikin lissafi, don jarrabawar da ake sa maka ido ta kyamara ba ta san an ɗauke wuta ba.

Lokaci shi ne wanda ya fi kayar da mutane. Darasi ɗaya na iya cin awa goma zuwa goma sha biyar a mako, ga aiki, ga iyali, ga biki da ta'aziyya. Matan aure masu aiki sun fi kowa sanin wannan. Ka zauna da iyalinka da shugabanka a ofis tun kafin rajista. Masu ba wani kwangilar rubuta musu aikin gida, ko su kwafo daga ChatGPT su miƙa, su sani ko sun tsallake malami, ranar da aka ba su aikin miliyoyi aka ce su faɗi yaushe za a gama, babu mai amsa musu.

Mai karatu, in akwai makarantar da ke kiran ka yanzu, kada ka tura ko kwabo sai ka ga sunanta da idonka a shafin NUC ko na hukumar ƙasarta. In ka nema ba ka gani ba, ka toshe lambar, ka kuma gargaɗi abokan aikinka.