Ko Ka San Iskar Da Ke Tsayar Da Tirela Ita Ke Kashe Birkin Ƙaramar Mota?

Tsaya a bakin kasuwar shanu ta Mubi ranar da ake lodi, ka kasa kunne. Duk tirelar da ta ja birki sai ka ji ta yi wani dogon huci kamar bijimin da ya gaji. Iska ce. Akwai injin da ke matsa ta ya tara a tankuna, da direba ya taka sai ta tafi ta danna takalman birki. Amma Golf ɗin da ke gefe tana jiran fasinjan Michika, kumfar iska kaɗan ce za ta shiga bututunta ka ga ƙafar direba ta nutse har ƙasa, mota kuwa tana ta tafiyarta.

Ƙaramar mota da mai take kama birki. Buɗe bonet ka duba gaban mazaunin direba, za ka ga wata baƙar tukunya mai faɗi, wato busta, da wani guntun ƙarfe manne a jikinta ɗauke da gwangwanin roba a ka. Guntun nan shi ne mastan birki. A cikinsa akwai fistin da robobi. Idan ka taka, fistin ya tura mai, man ya bi siraran bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Sirrin shi ne ruwa ba ya matsuwa: abin da ka danna a nan shi zai isa can. Bafaranshen nan Blaise Pascal ne ya bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na 17, wani Ba'amurke kuma, Malcolm Loughead, ya yi rajistar birkin mota mai aiki da mai a 1917. Ita kuwa iska matsuwa take kamar soso. Man da masta ke turawa a taku ɗaya kaɗan ne ƙwarai, don haka in akwai kumfa a hanya, duk ƙarfin ƙafarka a matse kumfar zai ƙare.

Mastan yanzu ɗaki biyu gare shi, kowane ɗaki da ƙafafun da yake kula da su, don in bututu ɗaya ya fashe a samu rabin birki. Amurka ta wajabta wannan tun ƙarshen shekarun 1960.

Yadda ake gane masta ya mutu ba wuya. Danne birki mota na tsaye, ka riƙe. In ka ji ƙafarka na zurmawa a hankali alhali ba ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa, to robar ciki ta cinye, mai na zillewa ta bayan fistin. In kuwa birkin laushi ya yi, sai ka taka sau biyu ko uku yake tauri, yawanci iska ce.

A wajen ɗaura sabo, ko ɗan Kwatano, nan ake gane bakanike da mai riƙe sifana kawai. Gwani ba ya ɗaura masta daga kwali kai tsaye. Sai ya matse shi a kan benci ya daidaita shi, ya ɗaura gajerun tiyo biyu a bakin ramukan fitar mai, ya lanƙwasa su su koma cikin gwangwanin, ya cika da mai har bakinsu ya nutse. Sannan ya sa sukundireba ya riƙa tura fistin a hankali yana saki. Da farko kumfa za ta yi ta tasowa kamar tukunya ta fara tafasa, can ta koma ɗaya-ɗaya, har man ya riƙa dawowa garau. Minti goma ne, amma da yawa tsallake shi suke. A motoci da dama masta a ɗan karkace yake zama, iska ta maƙale a lungun sama, a wuni ana bilidin, wato korar iska, a ƙafafu ba ta fita ba. Daga nan sai a ce masta jabu ne, a tura yaro ya mayar wa mai shago.

Bayan an ɗaura sai aikin mutum biyu. Yaro a kujerar direba, maigida a tsugune bayan taya da sifana a kan ɗan notin fitar da iska.

"Taka. Ƙara. Riƙe!"

"Na riƙe, Oga."

Ya kwance notin, mai ya yi tsartuwa da kumfa, ya ɗaure.

"Saki."

In yaro ya yi garajen saki kafin a ɗaure, iskar da aka kora ta koma. Bisa al'ada daga ƙafar da ta fi nisa da masta ake farawa, wato ta baya hannun dama, a ƙare da ta gaba ɓangaren direba, ko da yake wasu motoci masu ABS da nasu tsarin. Gwangwani kuma kada a bari ya ƙafe, in ba haka ba aiki ya dawo sabo.

Akwai wata iskar da ba ta ƙofa take shigowa ba, kuma ita ta fi shafar mai bin duwatsun Mandara, ko hanyar Sahuda zuwa iyakar Kamaru da mota cike da buhuna. Man birki yana shan danshi. Sabon mai samfurin DOT 3 sai ya wuce digiri 205 a ma'aunin Salshiyos yake tafasa, DOT 4 kuma 230. Da ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, na farkon ya sauko 140, na biyun 155. A doguwar gangara, direba ya ɗora ƙafa kan birki bai sauke giya ba, zafi ya tafasa man, tururi ya cika bututu, birki ya tafi. Bayan rabin awa ya huce ya dawo kamar ba abin da ya faru, har a ce aljanun wurin ne. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a juye man duk shekara biyu, kuma ragowar da ta kwana watanni a buɗaɗɗiyar gora ba ta da amfani.

Masu zuba ruwan omo in mai ya yanke a daji, tsatsa suke gayyatowa cikin masta. Man inji ya fi wannan muni, kumbura robobi yake, sai an canja su duka. In kuma man birki ya ɗiga a jikin mota wajen cikawa, a sheƙa masa ruwa nan take, don cin fenti yake.