Tsufa da Neman Abokin Zama a Wasannin Barkwanci na Talabijin: Nazarin Wasanni Uku na Turawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon Samanja ko Papa Ajasco ya san irin wasan kwaikwayon da Turawa ke kira sitkom. Wasa ne na barkwanci wanda taurarinsa ba sa canzawa, wurin da suke zaune ba ya canzawa, sai dai kowane mako wata sabuwar rigima ta taso, a warware ta cikin kimanin rabin awa. A Amurka da Ingila an daɗe ana gina irin wannan wasa a kan iyali, ko ma'aikata, ko matasa masu neman aure. Daga 2013 zuwa yau sai aka sami wani sabon jigo, wato rayuwar maza masu son maza 'yan'uwansu a lokacin da girma ya kama su.

Mai karatu ya san cewa addinanmu da al'adunmu ba su karɓi wannan ɗabi'a ba, kuma dokar Nijeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya. Wasannin nan an shirya su ne domin masu kallo na can, bisa dokokinsu da tarihinsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibin harshe da adabi yadda marubuta suka ɗauki abin tsoro, wato tsufa cikin kaɗaici, suka mayar da shi abin dariya, da kuma dalilin da ya sa jigon bai fito ba sai yanzu.

Matsalar Suna

Kafin a yi nisa, ya kamata a faɗi wahalar da mai fassara ke fuskanta a nan. Kalmar "ɗan luwaɗi" tana nuni ga aiki, asalinta daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu ne, kuma tana ɗauke da hukunci a cikinta. Ita kuwa "ɗan daudu" tana nufin namijin da ya ɗauki salon mata a magana da sana'a, kamar sayar da abinci, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi bayanin wannan bambanci a littafinsa Allah Made Us na 2009. Taurarin wasanninmu dillalai ne da 'yan kasuwa da 'yan wasa. Saboda haka aka zaɓi bayani kai tsaye a wannan maƙala: maza masu son maza.

Me Ya Sa Sai Yanzu?

Dalilai uku ne. Na farko, doka. A Ingila sai a 1967 aka daina hukunta wannan mu'amala tsakanin manya a ɓoye, auren jinsi ɗaya kuwa ya fara a can a 2014, a duk faɗin Amurka kuma a 2015. Wanda aka haifa a 1939, kamar ɗan wasa Ian McKellen, ya yi samartakarsa ne a lokacin da abin yake laifi. Shi kansa bai bayyana halinsa a fili ba sai a 1988.

Na biyu, cutar ƙanjamau. Daga 1981 ta kashe ɗimbin samari daga cikin waɗannan mutane, har sai da aka sami magunguna masu ƙarfi a wajajen 1996. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa zaton za su ga furfura ba.

Na uku, talabijin kansa. Wasan Will & Grace, wanda ya fara a 1998, ya nuna cewa masu kallo a Amurka za su zauna su kalli irin waɗannan taurari. Amma su matasa ne. Ana buƙatar shekaru kafin a tambayi abin da zai faru da su in sun tsufa.

Tambayar kuwa mai nauyi ce. Bahaushe kan ce haihuwa mai rana, domin ɗa shi ne ke riƙe mahaifinsa in ƙarfi ya ƙare. Yawancin mazan wannan zamani da ake magana a kai ba su haihu ba, wasu kuma danginsu sun yanke hulɗa da su tun suna samari. To wa zai riƙe su? Kowane ɗaya daga wasannin uku ya ba da tasa amsa.

Vicious: Zagi a Matsayin Zumunci

Tashar ITV ta Ingila ta nuna wannan wasa daga 2013 zuwa 2016. Ian McKellen ya fito a matsayin Freddie, ɗan wasan da bai taɓa yin suna ba amma yana ji da kansa, Derek Jacobi kuma a matsayin Stuart. Sun yi kusan shekara 50 tare a wani gida a unguwar Covent Garden ta Landan, kuma ba su da aiki sai yi wa juna baƙar magana a kan fuska da shekaru da rashin nasara.

Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan salo ba. A wasan taubasai, ko na jika da kaka, ko na Fulani da Barebari, zagin da zai jawo faɗa tsakanin baƙi shi ne shaidar kusanci. Haka abin yake a nan. Mai kallo yana dariya ne domin ya san duk wannan zambo ba zai raba su ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Akwai kuma raha mai ɗaci da ake maimaitawa: Stuart, wanda ya haura saba'in, har yanzu bai gaya wa tsohuwarsa gaskiyar zamansa da Freddie ba. Dariya ce, amma tana tuna wa mai kallo zamanin ɓuya. A ƙarshen zango na biyu, a 2015, aka ɗaura musu aure a cikin wasan, shekara ɗaya bayan doka ta ba da dama.

Uncoupled: Komawa Neman Aboki Bayan Shekara 17

Netflix ta saki wannan wasa mai kashi 8 a 2022. Neil Patrick Harris ya fito a matsayin Michael, dillalin gidaje a birnin New York wanda ya haura arba'in. Ya shirya wa abokin zamansa Colin walimar cika shekara 50, a ranar kuwa Colin ya kwashe kayansa ya bar gidan, bayan zaman shekara 17.

Tushen barkwanci a nan shi ne baƙunta. Lokacin da Michael ya daina nema, babu manhajojin haɗa masoya a wayar hannu. Grindr, wadda ta fi shahara a tsakaninsu, ta fito ne a 2009. Yanzu ya dawo ya tarar da kasuwar da hoto ke magana kafin baki, inda ake rubuta shekaru kusa da suna, kuma a wuce mutum da shafar yatsa ɗaya. Bai san kalmomin matasa ba, bai san ƙa'idojinsu ba. Dabarar marubutan ita ce sun haɗa shi da wata attajira mai suna Claire, wadda ita ma mijinta ya bar ta da girmanta. Ta haka suka nuna cewa zafin a watsar da mutum bayan ƙuruciya ta wuce iri ɗaya ne ga kowa. Netflix ta dakatar da wasan bayan zango ɗaya.

Mid-Century Modern: Abokai a Madadin Dangi

Wannan ya fito a Hulu a 2025, daga hannun Max Mutchnick da David Kohan, waɗanda suka ƙirƙiri Will & Grace. Labarin ya buɗe da jana'iza. Abokai uku, waɗanda Nathan Lane da Matt Bomer da Nathan Lee Graham suka fito a matsayinsu, sun binne na huɗunsu, sai suka yanke shawarar su tare a gida ɗaya a garin Palm Springs na jihar Kalifoniya, tare da mahaifiyar mai gidan. Zubin ya yi kama da na The Golden Girls, wanda aka yi daga 1985 zuwa 1992 a kan mata huɗu masu shekaru da ke zaune tare a Miami.

Amsar wannan wasa ita ce kada a jira masoyi. A riƙe abokai. Ana fita nema, ana dawowa da labarin kunya, a zauna a yi dariya, gidan kuma yana nan. Wani abin tausayi ya faru ana cikin ɗauka: Linda Lavin, wadda ke fitowa a matsayin uwar, ta rasu a Disamba 2024 tana da shekara 87. Marubutan suka sa rasuwarta a cikin labarin, sai wasan da aka shirya domin yi wa tsufa dariya ya koma zaman makoki na gaske.

Kammalawa

Idan aka dubi wasannin uku, za a ga cewa neman masoyi ƙofa ce kawai ta shiga labari. Ainihin jigon shi ne tsoron ranar da mutum zai faɗi a ɗaki babu mai ji. Vicious ya ce a riƙe tsohon aboki ko da bakinsa da kaifi, Uncoupled ya ce a jure kunya a sake fita, Mid-Century Modern ya ce a gina gida da waɗanda suka rage. Darasin ga mai son rubuta wasan kwaikwayo da Hausa shi ne, raha tana yin ƙarfi in akwai abin tsoro a ƙarƙashinta. Mu ma muna da tsofaffin da ba su haihu ba, da zawarawa, da 'yan fansho da 'ya'yansu suka watse birane. Wanda ya iya ba mu dariya a kan rayuwarsu ba tare da ya wulaƙanta su ba, ya iya alƙalami.